Sallama ta Uku

Ni Bagobira ce gaba da baya. Tsagata tana nan bisa kumatuna, ko da yake tsufa ya tattare ta har sai an matso kusa ake ganinta. Ban yi boko ba, allon ma iyakata abin da za ni yi salla da shi. Amma a Gangara, inda anka haife ni, anka yi mini aure, na haifi ɗiyana, in ana zancen wadda ta iya gaisuwa ba a tsallake ƙofata. Ba cika baki nike ba. Ku tambayi duk wanda ya rage cikin mutanenmu.

Innata ce ta koya mini, kuma da murɗar kunne. Ina yarinya ina daka a tsakar gida, wani ya yi sallama a zaure, na amsa ko kai ban ɗaga ba. Da baƙon ya tafi sai ta kira ni ɗaka.

"Kin san abin da kinka ba mutumen ga?"

Na ce ban ba shi komi ba, ko ruwa ban kai mishi ba.

Ta ce, "Wuyanki kinka ba shi. Wanda ya tsaya ƙofarki ya ce salamu alaikum, cewa ya yi ba cuta tare da shi, ba ga hannu ba, ba ga baki ba. Ke da kinka amsa, kin ce ke ma haka. Daga nan har ya bar ƙofar ga ya kama hanya, jininshi da mutuncinshi suna wuyanki. Kuma ba ku biyu ba ne, kun sa Allah tsakani, don aminci sunanshi ne. In kin duba cikinki ba ki ga amincin ba, rufe bakinki, ya yi uku ya juya. Gara ya ce ba ki gida da ki ari sunan Allah ki yi ƙarya da shi."

Da wannan na tashi, shi na koya ma ɗiyana da matan ɗiyana. Na san ba kowa ke ɗaukar sallama da nauyi haka ba. Wasu har dariya suke yi mini, wai Gwaggo ta mai da amsa sallama rantsuwa. To, rantsuwa ce. Kuma har furfura ta cika mini kai ban taɓa rufe bakina ga kowa ba, don ban taɓa dubawa na rasa ba.

Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ita ce ta haɗa ni da mata biyu da labarin ga ba ya tafiya sai da su.

Ta farko Ba'indiya ce. Lokacin da ake kawo Indiyawa koyarwa a makarantun boko, akwai wani malami a Isa da ya zo da matarshi. Ran kasuwa nakan bi mota in kai mai can. Wata rana kukunsu ya same ni ya ce uwarɗakinshi tana son mai wanda ba a gauraya ba. Na ce in gaurayayye take nema ma ba ni da shi. Ya kai ni gidan. Na iske ta a baranda bisa tabarma, ta naɗe ƙafafu, ido rufe, ko motsi ba ta yi. Na tambayi kuku ko ba ta da lafiya. Ya ce lafiyarta lau, haka take yi kullum, ta miƙe gaɓoɓi, ta lanƙwashe, sannan ta zauna ta natsu, irin al'adarsu ce. Da ta buɗe ido ta gan ni sai ta tashi, ta haɗa tafin hannuwanta daidai ƙirji, ta ɗan sunkuyar da kai, ta ce, "Namaste."

Na tsaya da garwar mai bisa kai ina kallonta. Mace da zinariya ga hanci, matar malamin makaranta, tana sunkuya ma mai ƙuli. Na ɗauka ba'a take yi mini, har na ɗaure fuska. Amma sai na ga haka take yi ma kuku, haka take yi ma mai kawo itace, haka take yi ma baƙin mijinta masu mota. Ba ta ƙara ma wani, ba ta rage ma wani.

Da munka saba, Hausarta ta ɗan miƙe, sai na tambaye ta. Na ce, "Wai uwargida, wagga gaisuwa taki roƙo ne ko mi?"

Ta yi dariya. Ta taɓa ƙirjinta, ta miƙo yatsa ta taɓa nawa. Ta ce, "Ba fuska ba. Ba zane ba. Akwai abu a nan, Allah ya sa. A nan ma akwai. Na ciki yana gaida na ciki."

Na ce, "To, in ɓarawo ne fa?"

Ta ce, "Ɓarawo ma akwai. Ya rufe da datti, amma akwai."

Na kai ma maigidana labarin, Allah jiƙanshi, ya ce wannan ba namu ba ne, kul ya ga na haɗa hannu. Ban taɓa haɗawa ba. Ni Musulma ce, sallamata ta ishe ni. Daga baya sunka koma ƙasarsu, maganar ta nutse cikina kamar tsakuwa a gindin randa, na yi shekaru ban tuna da ita ba.

Ta biyu Bahillata ce, daga wata rugar Fulani da ke bayan Kurawa. Ta kawo mini nono da man shanu, in ba ta hatsi da ƙuli. Tun muna da ƙarfin ɗaukar kaya har munka fara dafa gwiwa in za mu tashi. Ita kaɗai ce ke iya tsayawa da ni a gaisuwa. In ta sauke ƙwaryarta a zaurena sai mu fara: ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina shanu, ina maruƙa, ina tsohon naki mai rowar tukkuɗi. Kowace tambaya sai ta ce jam, wato lafiya da bakinsu. Ko saniyarta ta mutu da asuba, sai ta fara ba ni jam ɗina cikakke, sannan ta zauna ta faɗa mini. Ita ta ce mini Kaɗo mai warin ƙuli, ni in ce mata Bahillata mai ƙara ma nono ruwa.

Ɗanta da autana damina ɗaya anka haife su. In za ta zaga gari da ƙwarya sai ta bar mini shi, in goya shi, nawa yana rarrafe. Akushi ɗaya sunka ci tuwo. Na san yadda yake kuka, na san ba ya son miyar kuka sai ta kuɓewa. Ina faɗin wannan don ku san ba baƙo ba ne gare ni.

Sai zamani ya juya mana. Aka fara da shanu, aka koma mutane. Ba za ni tsaya lissafa muku ba, duk wanda ke wagga ƙasa ya san nashi. Abu ɗaya za ni faɗi wanda ya fi ƙarar bindiga ƙona mini rai: mutanen dajin nan da sallama suke zuwa. Da rana tsaka su jingine babura, su tsaya a zaure kamar mutanen kirki, su ce salamu alaikum. Maigida ya amsa, ya fito, su tasa shi gaba. Da haka sunka ɓata mana ita. Mutane sunka koma in an yi sallama sai a yi tsit, a leƙa ta ƙofar zana tukuna. A hanyar gona mutum ya hango mutum, kowa ya ratse. Na ga garin da yaro ba ya wuce babba bai durƙusa ba ya koma garin kallon-kallo.

Autana fatauci yake yi da babur. Ya ɗauki sabulu da taliya da kayan koli ya bi ta Burkusuma ya shiga Nijar, ya komo da abin da ya samu. Wata safiya ya durƙusa ƙofata ya gaishe ni, na sa mishi albarka, ya tafi. Kafin azahar anka kawo mini shi cikin amalanke, an lulluɓe da zanen wata mata da ban sani ba. Abokin tafiyarshi da ya tsira ya rantse cewa cikin waɗanda sunka tare su akwai ɗan Bahillatar nan. Ya ce fuska naɗe take da rawani, amma ya gane murya. Wasu sunka ce mai gudun rai ba ya tantance murya. Ni ban gani ba.

Bahillatar ta ƙi zuwa gaisuwa. Na zauna kwanakin karɓar gaisuwa ina kallon zaure, mutanen Kurawa sunka zo, har na Isa da na daɗe ban gani ba sunka zo, ita ba ta zo ba. Bayan haka 'yan sa-kai sunka ƙone rugarsu, aka ce sun watse. Mu ma gona ta gagara shiga, munka tattara munka koma Sabon Birni, cikin wani gida da babban ɗana ya kama bayan tasha. Ni, da shi da iyalinshi, da matar autana da ɗiyanta.

Yarinyar nan sai na tsaya na faɗi halinta. Da ta gama takaba iyayenta sunka aiko daga Isa ta koma gida. Ta ce ba ta barin Inna. Kullum da safe, kafin ta hura wuta, sai ta zo ƙofar ɗakina ta durƙusa har ƙasa. "Inna, ina kwana." Muryarta ce ta maye mini ta autana. Ba ni sauka daga gado sai na ji ta. A garin da ba namu ba, cikin ɗakin da ko randata ba ta shiga ba, wagga gaisuwa ce kawai ta rage mini daga Gangara.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne. Babban ya fita kasuwa. Ina zaune tsakar gida ina ɓarar gyaɗa, matar autana tana wanki kusa da ni. Sai na ji murya daga zaure.

"Salamu alaikum."

Gyaɗar ta faɗi daga hannuna. Muryar ta sirance, ta dushe, amma ko cikin kabari na ji ta za ni gane ta, ta Bahillatar ce. Matar autana ma ta gane, don na ga hannunta ya tsaya cikin kumfa.

Bayan muryar akwai wasu muryoyi. Samarin da ke zama bakin layi, 'yan kabu-kabu da 'yan sa-kai, sun biyo ta tun daga tasha. A kwanakin nan in an ga Bafillace cikin gari, namiji ko mace, tsoho ko yaro, ba a cika rabuwa lafiya ba. Ana cewa 'yan leƙen asiri ne. Ni da kaina na ga abin da anka yi ma wani tsoho a bakin kasuwa, ba ni son in faɗa. Abin da ya riƙe su kawai shi ne ta riga ta sa ƙafa a zauren mutane. In gida ya amsa, baƙuwar gida ce. In ta yi uku ba a amsa ba, dole ta juya, kuma suna nan tsaye.

Wani cikinsu ya ɗaga murya, na gane shi, ɗan Gangara ne da munka yi gudun hijira tare. "Gwaggo, in ba ki san ta ba yi shirunki. Mu mun san ta."

Matar autana ta dube ni. A hankali ta ce, "Inna, don Allah." Na san abin da take roƙo, kada in amsa.

"Salamu alaikum."

Na yi abin da innata ta koya mini. Na duba cikina ina neman aminci in ba matar nan, ban samu ba. Na sake dubawa. Abin da na samu hular autana ce da anka miƙo mini daban, da zanen matar da ban sani ba, da kwanakin da na zauna ina kallon zaure ba ta shigo ba. Ko ƙwayar gero ta aminci babu. In na amsa na yi ƙarya da sunan Allah, abin da ban taɓa yi ba. Dokar a fili take: in rufe bakina.

Amma innata ta ba ni wagga doka a zamanin da in mutum ya juya daga ƙofarka gidanshi za shi. Ba ta san za a yi ranar da shiruna zai zama wuƙa ba. Ko ɗaga hannu ba sai na yi ba. In ci gaba da ɓarar gyaɗata kawai, samarin su ƙarasa. Kuma ba wanda zai ce na yi laifi, har yaba mini za a yi.

Ina cikin haka sai na ji kamar yatsa ya taɓa ƙirjina. Ba'indiyar nan ce, bayan duk shekarun nan, da Hausarta karkatacciya: ba fuska ba, ba zane ba. Na ce a raina, uwar yaron nan ba ni da aminci gare ta, gaskiya ne. Amma ran da ke cikin ƙirjinta ba ita ta sa shi ba, ba ɗanta ya sa shi ba, kuma bai yi mini komi ba. Mai shi yana nan yana kallo. Shi ina iya ce ma aminci ban yi ƙarya ba. Har yau ban sani ba ko gaskiya na gano, ko dabara na yi ma kaina don in samu ƙofar fita. Na tambayi wani malami daga baya, ya ce amsa sallama wajibi ne, ba ruwanshi da Ba'indiya. Bai gane abin da nike tambaya ba.

Sallama ta uku ta zo can ƙasa-ƙasa, kamar ba ta sa ran komi. Na ji jan takalminta, ta fara juyawa.

Na buɗe baki da ƙarfi yadda har bakin layi za a ji. "Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi. Shigo."

Matar autana ta tsame hannunta daga ruwa, ta goge ga zane, ta shiga ɗakinta ta saki labule.

Na ɗauki sandata na fita zaure. Na wuce matar ban dube ta ba, na tsaya bakin ƙofa. Samarin sun cika layin, wasu da gora, wasu da abin da ya fi gora.

Na ce, "Baƙuwata ce. Na amsa."

Ɗan Gangaran ya ce, "Haba Gwaggo. Uwar wanda ya kashe miki ɗa ce fa."

Na ce, "Kai ka yi mini naƙudarshi da za ka tuna mini? Kai da na ga ranar kaciyarka kana kiran innarka har muryarka ta tafi? Je ka tambayi ubanka ko an taɓa taɓa wanda na amsa ma sallama. Mai son ta sai ya fara taka ni, ga ni nan, ba ni da nauyi."

Wani daga baya ya yi dariya, wani ya yi tsaki. Ba su watse ba, amma sun ja baya sun koma gindin bedi, itacen dogonyaro da ke bakin layi.

Na shigo da ita na shimfiɗa mata tabarma. Sai a nan na dube ta. Ba ƙwarya, ba 'yan kunne, ba ko awarwaro ɗaya. Matar da in ta taho ana jin ƙararta tun daga rijiya. Ta rame har wuyanta ya zama kamar na tulu.

Bakina ya kama aikinshi ba da shawarata ba. "Ina gajiya?"

"Jam."

"Ina gida?"

Ta buɗe baki, jam ɗin ya ƙi fita. Ban tambayi shanu ba.

Sai ta zame daga tabarmar ta durƙusa bisa ƙasa, ita da ta girme ni. Ta ce, "Gaisuwa na zo. Na makara. Allah jiƙanshi, Allah ba ki haƙuri."

Na ce amin. Ana jin kukan matar autana ta bayan labule, tana danne shi.

Na ce, "Shi ne?"

Ta ce, "Ban sani ba, Kaɗo. Da na sani da na faɗa miki, ko za ki miƙa ni ga yaran can. Ya shiga daji, wannan ba ni ɓoyewa. Tun da anka kore mana shanu ya bi su. Ya taɓa komowa sau ɗaya, kafin abin ɗanki. Ya tsaya bakin bukkata da bindiga ga kafaɗa ya yi mini sallama. Na tuna abin da kike faɗi kullum a zaurenki. Na duba, ban samu ba. Na rufe bakina. Ya yi uku ya juya. Ban ƙara ganinshi ba."

Ta goge ido da bakin mayafi. Ta ce, "Kullum ina cewa da na amsa, ƙila da ya ajiye ta ya zauna ya sha fura. Ƙila da ɗanki yana nan. Shi ya hana ni zuwa."

Maganata ce, daga bakina ta ɗauka. Dokar da nike alfahari da ita, wadda na raba ma mutane kamar goro. Na kawo mata ruwa da fura, ta sha ruwan, furar ta riƙe ta kawai har ta ajiye.

Ta ce Nijar za ta, wurin ɗiyarta da ke aure can, ba ta jin za ta ƙara komowa. Tun da na amsa, wuyana bai sauka ba sai ta kama hanya. Na yafa mayafi, na sa ta gabana, munka bi layin nan ta gaban bedi ina dogara sanda. Ba wanda ya ce mana sannu. Na tsaya a tasha har mota ta cika, har ta tashi. Ba mu yi doguwar ban kwana ba. Ta dafa ƙirjinta ta taga, na dafa nawa.

Da babban ya komo ya riga ya ji a kasuwa. Bai ɗaga mini murya ba, ba halinshi ba ne. Ya zauna nesa kaɗan ya ce, "Inna, kin ja mana magana. Mu baƙi ne a garin ga." Na ce na sani. Maƙwabciyar da ke aiko mini da ɗanwake ta daina. A bakin famfo in na yi sallama sai a amsa can cikin maƙoshi, wasu ma su duƙa kamar suna gyara bokiti. Duk wannan ina iya ɗauka, na girmi fushin mutane.

Wanshekare na farka na zauna bakin gado ina jira. Na ji matar autana ta buɗe ƙofa, na ji ta hura wuta, na ji ƙamshin koko. Ba ta zo ba. Rana ta fito har ta shigo ta ƙarƙashin ƙofata.

Ba ta yi mini rashin kunya ba, kada ku ɗauka haka. Tuwona yana zuwa da zafinshi, tufafina tana wankewa ta ninke, ruwan alwalata ba ya yankewa. Gaisuwa ce kawai babu. In munka haɗu a tsakar gida sai ta sunkuyar da kai ta raɓa. Babban ya ce zai yi mata magana, na ce kul. Ni na koya mata. Ta duba cikinta ba ta samu ba, ta rufe bakinta. Da ta zo ta durƙusa ta yi mini ta fatar baki, da ta fi ba ni kunya.

A wurinmu uwar miji ba ta zuwa ƙofar matar ɗa gaisuwa. Ni kuwa tun da na zama babba ban taɓa fara gaida na ƙasa da ni ba, kowa ya san ni da haka. Na daure kwanaki ina zaune bakin gado kamar wadda anka manta. Sai labari ya zo mini cewa iyayenta sun sake aikowa daga Isa, kuma wannan karon ba ta ce a'a ba, ta ce a bari a ga kaka. In ta tafi da ɗiyan autana za ta tafi.

Wata safiya na ɗauki sandata na ƙetare tsakar gida. Matar babban tana shara, ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallona. Na tsaya ƙofar yarinyar nan, labule a sake. Na ce, "Salamu alaikum." Na ji motsin gado. Na sake. Na ji numfashinta kusa da labulen, har ina ganin yatsun ƙafarta ta ƙasa. Na yi ta uku. Na jira gwargwadon yadda ya kamata, na juya.

Tun daga ranar kullum sai na je. Babban ya ce, "Inna, kina zubar da girmanki gaban yara." Na ce girman nawa ne, in na ga dama in zubar. Ba don in tilasta mata nike zuwa ba. Ni dai in na duba cikina ina samun abin da za ni ba ta, kuma ba ni son ta bar gidan ga tana zaton na rufe mata nawa bakin.

Har yau ba ta amsa ba. Labulen dai ta daina sakinshi in ta ji sandata. Ina tsayawa in gan ta zaune bakin gado, hular mijinta tana rataye bisa ƙusa bayanta, ita tana kallon ƙasa, leɓenta yana motsi ba sauti. In yi uku in juya. Gero ya fara fitar da kai a gonakin bayan gari, waɗanda ake iya shiga.